Faifan da Aka Rufe wa Suna

Shekara goma sha ɗaya Clifford Hebden ya yi yana zuwa ƙungiyar masu sauraron garmaho ta garin Halifax, kuma bai taɓa yin ko tari ba faifai na juyawa. Ranar Asabar da la'asar suke haɗuwa a ɗakin sama na laburare, mutum ashirin da 'yan kai, kowa da kujerarsa. Kowane mako mutum ɗaya ke kawo fayafayansa, ya faɗi sunan wanda ya tsara kiɗan, ya ɗora allura, a yi tsit har a gama. Clifford makanikin bas ne, bai yi karatun kiɗa ba. Duk abin da ya sani a ɗakin nan ya koya, daga bakin shugaban ƙungiyar, Mista Ackroyd, tsohon malamin makaranta, wanda ya nuna masa yadda ake bin goge ɗaya da kunne a cikin goge talatin.

A shekarar 1973 'yarsa ta sami aiki a Leeds, ta tafi ta bar masa tarin fayafanta. Ya sa ɗaya don ya sami hujjar zubar da su. Na samarin nan ne masu gashi har kafaɗa, da jitar lantarki da ganguna, fuska guda ta faifan kiɗa ɗaya ne tal, minti goma sha tara. Amma minti huɗun farko babu samarin a ciki. Manyan goge ne suka fara daga can ƙasa, kamar injin da ke ɗumama da sanyin safiya. Algaita ta shigo ta riƙe murya ɗaya ta ƙi saki, ƙananan goge suka amsa mata daga inda bai zata ba. Ko da ganguna suka ɓarke, masu gogen ba su gudu ba. Duk waƙar da jita ta yar, su ke ɗauka su kai ta gaba.

Mako uku yana sauraro yana jin haushi. Haushin samarin, da suka sami mai tsara musu kiɗa irin wannan. Haushin ƙungiya, don ya san hukuncinta: bara wani mai suna Binns ya kawo irin wannan faifai, aka soke shi daga jerin masu gabatarwa, kunya ta hana shi dawowa. Clifford kuwa in aka raba shi da ɗakin nan, ba shi da wurin zuwa ranar Asabar sai gareji.

Sai ya yanko takardar ƙunshi, ya liƙe sunan da ke tsakiyar faifan, ya bar kwalinsa a gida. Ya auna da agogo: minti huɗu da daƙiƙa goma, sai ya ɗaga allura kafin ganga ta farko. A hanya yana ta musu da kansa. Ai ba ƙarya zai yi ba, shiru kawai zai yi. To wanda ya yi shiru don a fahimce shi ba daidai ba, me ya raba shi da maƙaryaci? Bai gama yanke wannan shari'a ba bas ta sauke shi.

"Yau ba zan faɗi suna ba," in ji shi da ya tsaya gabansu. "Ku ji da kunnenku."

"Ikon Allah," in ji Madam Sugden, sakatariyar ƙungiya, wadda kuma ita ke raba shayi. "Clifford ya zama malami, yau mu ne 'yan aji."

"Doka ba ta hana ba," in ji Mista Ackroyd. "Ba ta kuma so ba. Ɗora mana."

Ya ɗora. Manyan goge suka taso. Ya ga tsoho Ackroyd ya rufe ido, yatsansa na tafiya a kan gwiwa. Da algaita ta riƙe muryar nan, yatsan ya tsaya cak yana jira tare da ita. Clifford ya ji daɗi har ya kusa manta agogo. Minti huɗu da daƙiƙa takwas, ya ɗaga allura.

Mista Ackroyd ya buɗe ido. "Wa ya mutu aka tsayar?"

"Nan ya ƙare, Malam."

"Bai ƙare ba. Ni za ka gaya wa? Gogen nan hawa suke yi, ƙofa suke buɗe wa wani abu. Mutumin da ya rubuta wannan ya san aikinsa, ba zai kai mu bakin ƙofa ya bar mu a tsaye ba. Ka taɓa ganin an yanke kiɗa a ɗakin nan?"

"Ba a taɓa ba," in ji Madam Sugden. "Ko ranar da bututun ruwa ya fashe sai da muka kai ƙarshe, ƙafafunmu a jiƙe."

"Ina jin ɗan Rasha ne," in ji tsohon, ya juya yana gaya wa jama'a. "Ko wani namu da ya yi karatu a can kafin yaƙin duniya. Ku lura da yadda ya ɓoye ƙaho a bayan gogen."

Wannan bai shiga lissafin Clifford ba. So ya yi tsohon ya yaba, ba ya tsaya gaban mutum ashirin yana rantsuwa da Rasha ba. In ya ce sauran faifan ya karce, ya tsira da kujerarsa, ya kuma bar malaminsa cikin kuskure da ƙarya ta gaske. In ya ɗora sauran, ya kunyata shi.

"Malam, a bari sai an tashi, in yi maka bayani mu biyu."

"Bayanin me? Kiɗa muka zo ji. Mayar da allura, daga farko."

Ya mayar. Minti huɗu da daƙiƙa goma ganguna suka faɗo ɗakin, jita ta biyo su da kururuwa. Madam Sugden ta dafe ƙirji. Wani dattijo a layin baya ya yunƙura zai tashi, ya tuna ba a fita faifai na juyawa, ya koma ya zauna yana huci. Haka suka sha sauran minti goma sha biyar, ba mai magana, ba mai motsi, kowa ya ɗaure fuska kamar masu jiran likitan haƙori. Clifford ya kafa ido a kan allura bai dubi kowa ba.

Da aka gama Mista Ackroyd ya ce, "Madam Sugden, soke shi. Shekara guda."

"Malam, kai da bakinka ka ce mutumin ya san aikinsa!"

"Na faɗa, ban janye ba. Wajen minti na goma sha biyu, inda gogen suka karɓe waƙar daga hannun mai ihun nan, na daɗe ban ji gwaninta irin wannan ba. Gangunan kuwa Allah ya sawwaƙe."

"To laifin me na yi?"

"Tarko ka ɗana mini. Da ka zo ka ce, Malam, ga shirmen yara amma akwai abin ji a ciki, da na ƙi, da mun yi rigima kamar mutane."

"Da ka ƙi! Ai shi ya sa!"

"Ƙin nawa ne, ba naka ba. Wa ya tsara gogen?"

Sunan yana bayan kwali da ƙananan haruffa, kwalin yana gida, Clifford kuma mako uku yana sauraro bai taɓa dubawa ba.

"Ban sani ba."

"Bai sani ba," in ji tsohon, yana duban rufin ɗaki. "Ka kawo kwalin ranar Asabar. Ka zauna a baya, kusa da ƙofa, kada ka taɓa garmaho."

Madam Sugden ta ja layi a kan sunansa, sannan ta miƙa masa shayi ba biskit.