Alamar Tambaya a Tsakiya

Tun yana koyarwa ake kiransa Malam Jan Biro, domin ko takardar gayyatar biki aka miƙa masa sai ya gyara ta. Yanzu ya yi ritaya, ido ya fara ja da baya, ga ƙamus ɗin da yake haɗawa ya tsaya a harafin ɗ. Tsoronsa kada duhu ya riga shi zuwa z.

Autarsa, mai rubuta manhaja a wani gari mai nisa, ta zuba kalmominsa a shafin lissafi na intanet wanda zai jera su da kansa, ta turo masa adireshin. Malam ya ɗora tabarau, ya bi shi harafi-harafi. Can tsakiya sai ga alamar tambaya, wasu kalmomi na biye da ita. Ya yi tsaki, ya share ta da duk jelarta.

Shafin ya buɗe da rubutu ƙanana kamar kiyashi. Ya ɗauka idon ne ya ƙarasa.

"Kira ta mana," in ji matarsa. "Girman kai rawanin tsiya."

Ya kira, murya a sanyaye.

"Baba, me ka taɓa?"

"Kuskure na gyara miki. Wa ya koya miki sa alamar tambaya a tsakiyar magana?"

Auta ta yi dariya har da tari. "Ai duk abin da ke bayanta saƙo ne ga shafin. Duba: girma=40, don idonka. Harafi=ɗ, don ya buɗe inda ka tsaya. Ka sallami ɗan aike, ka ƙwace saƙon."

Ya mayar da jelar. Ɗaki, ɗamara, ɗanye suka fito ɓaro-ɓaro, har matarsa ta karanto su daga bakin ƙofa. Daɗi ya kama shi, amma Malam ba ya yabon ɗalibi a gabansa.

Da ya kammala ɗ, shi da kansa ya canza harafin zuwa e. Sannan ya ƙara a ƙarshen adireshin: &auta=Allah_ya_yi_miki_albarka. Ya tura mata.

Shafin bai san wannan umarni ba, ya buɗe abinsa kamar kullum. Amsar Auta ta iso kafin ya cire tabarau: "Amin, Baba. Amma ka manta aya."