Wutar Lohri a Bayan Gidan Ashwani

A garinsu tsoho Tilak Raj, Janairu watan sanyi ne mai ratsa ƙashi, kuma duk gidan da aka yi haihuwa sai an hura wa jariri wutar Lohri, a zagaya ta da shi ana watsa mata gyaɗa da riɗi. A nan bayan garin Bendigo kuwa, a ƙasar da ɗansa yake zaune, zafi ake zubawa a Janairu kamar bakin tanda. Ciyawa ta bushe ƙayau, hukuma ta hana kunna wuta a waje.

Tsohon ya sani sarai. Amma don wutar jikansa na fari ya ƙetaro teku, ga ciwon zuciyar da ba lallai ya bar shi ya ga baɗi ba. Taurin kai kuwa da shi aka haife shi.

"Baba, ga kyandir na kunna a falo," in ji surukarsa Meenakshi. "Mu zagaya shi mana, ai wuta wuta ce."

"Kyandir? Lantarki aka ɗauke, 'yata?"

Ɗansa Ashwani ya ce a jira ya dawo daga aiki a yi shawara. Tsohon bai jira ba. Da la'asar ya tara 'yan itatuwa a kwanon ƙarfe a filin da ke bayan gidan, ya ajiye bokitin ruwa a gefe, wai shi mai dabara. Ya ɗauko jaririn yana zagayawa da shi, yana rera waƙar da marigayiya matarsa take yi. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun tana raye.

Sai iska ta juyo, tartsatsi ya tsallake shinge. Bokitin bai tsinana komai ba. Kafin 'yan kwana-kwana su ci ƙarfinta, gobarar ta lashe gonar maƙwabciyarsu, gwauruwa Misis Kerrigan, har da rumfar tumakinta, tumakin suna ciki.

Ashwani ya iso ya tarar da motar 'yan sanda a bakin titi. Ya dubi ubansa, ya dubi kwanon.

"Baba, shiga ciki. Ni na kunna."

"Ba ka ma nan, ɗana."

"Kurkuku ake kai mutum a kan wannan. Kwana nawa zuciyarka za ta yi a can?"

Tilak Raj ya buɗe baki zai musa, tsoro ya rufe masa shi, kuma ya ji kunyar tsoron nan fiye da komai a rayuwarsa. Ta taga ya ga an sa ɗansa a mota, jaririn yana barci a kafaɗar tsohon, gashinsa yana warin hayaƙi.