Ƙwayar da Ba Ta da Ɗaci

Ƙwaya uku suka rage a 'yar ambulan ɗin da Monica mai ɗinki ta ajiye a kan teburin kemis. Ba ta gaishe shi ba, ita da kullum sai ta tsaya ta tambayi mutanen gida.

"Baba Wali, jiya muka binne 'yata Uchechi. Yadda ka rubuta, haka na ba ta."

Rubutunsa ne kuwa, babu musu. Malam Wali ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗora a harshe, kamar yadda ya saba yi lokacin da yake asibiti. Maganin zazzaɓin cizon sauro, ɗacinsa har ƙeya ake jinsa. Wannan kuwa lami. Garin alli ne ya narke masa a baki.

*

Shekara ashirin da biyu ya yi yana ba da magani a asibitin gwamnati, rana ɗaya sunansa ya fito a jarida cikin ma'aikatan da aka sallama nan take. Ba wanda ya ce masa ga laifinsa. Shekara guda cur yana zaune a dakalin gidansa a Kwaciri, gari yana ta bunƙasa ba da shi ba. Yaran da ya yi wa allura suna wucewa a kan sababbin babura, 'yan kwangila suna sauya mota kamar riga. Wata safiyar har ya saka farar rigarsa ta aiki, ya kai bakin titi, sannan ya tuna ba shi da wurin zuwa.

Ana haka Alhaji Maje, abokinsa tun suna elamantare, ya faka Marsandi a ƙofar gidan.

"Haba Wali, mutum irinka ya zauna yana korar ƙuda? Na buɗe kemis a Sabon Gari, kai nake so ka riƙe mini."

Har ƙwalla Malam Wali ya yi ranar. Jama'a kuwa suka yi ca, don daga Fagge har Sabon Gari kowa ya san hannunsa. Kwalayen maganin gwanin kyau, da rubutun Turawa reras. Murnar samun abin yi ta sa bai taɓa ɗanɗana ko ɗaya ba.

*

A ofishinsa na Titin Ibrahim Taiwo ya sami Alhaji Maje.

"Alli muke sayar wa mutane, Maje. 'Yar shekara shida ta mutu."

"Kwananta ne ya ƙare. Zauna ka sha lemo."

"Ashe ka sani?"

Alhaji Maje ya gyara zaman hularsa. "Wali, fuskarka na ɗauka aiki, ba harshenka ba."

Korar gwamnati ba ta yi masa ciwo kamar wannan maganar ba. Ya ajiye makullan kemis ya fita. Ya kai ƙara wurin hukuma, aka ce ya kawo a rubuce. Ya kai a rubuce, kafin ƙarshen shekara kemis ɗin ya buɗe reshe na biyu.

*

Yanzu kowace safiya yakan saka farar rigar, ya fito da ɗan tebur bakin dakali. Duk wanda ya sayo magani ya biyo ta nan, Malam Wali ya duba kwali, ya murza ƙwaya, ya ɗanɗana, ba ya karɓar ko kwabo. Wasu suna cewa ya taɓu. Layi dai ba ya yankewa.

Monica takan wuce ta gabansa in za ta kai ɗinki, kanta a ɗauke. Wata huɗu haka. Ran nan sai ta tsaya, da ɗanta Chukwuma a goye, jikinsa rau da zazzaɓi. Ta ajiye ambulan ɗin magani a kan teburinsa.

Ya ɗora ƙwayar a harshe. Ɗaci ya ratsa shi har ido. Ya gyaɗa mata kai.

Ta ɗauki maganinta ta tafi. Matarsa Ummakulsum ta miƙo masa moɗar ruwa ta ƙofar zaure, ya ce ta bar shi da ɗacin tukuna.