Ɗankwalin Kamfani a Ƙofar Mata

Wata bakwai ina naɗe alewa a wani kamfani a Sharada, Baffa Tijjani bai sani ba. Shi ne ƙanin mahaifina, shi ke da iko da ni tun rasuwarsa, kuma ya taɓa rantsuwa ba 'yar gidansu da za ta shiga kamfani. Inna ta gaya masa ɗinki nake koyo. Da aikin nan muke ci, ni da ita.

Wata Lahadi a 1982 kamfani ya ba mu bas, a kai mu ganin birni. Aka ce kowa ta ɗaura ɗankwalin aiki, ruwan ɗorawa mai tambari.

Mun hau Dala, mun ga badala ta kewaye gari, an nuna mana tsofaffin ƙyamaren ƙofofi a Gidan Makama. Ni dai ban ga komai da kyau ba, don na ji Ladidi, shugabarmu, tana gaya wa direba, "Daga nan sai marinar Ƙofar Mata."

A nan Baffa yake rini.

"Anti Ladidi, ku bar ni a mota, cikina ke ciwo."

"Ke Rahamatu, kullum kamar kazar da ruwa ya doka! Sauko, warin baban rini ma magani ne."

Na sauko, na laɓe bayan masu jiki. Ramukan rini sun fi ɗari, amma yawanci a bushe, wasu an cika su da shara. Marina shida kawai na ƙirga. Na huɗu Baffa ne, hannayensa shuɗi har gwiwa.

Ladidi ta jawo ni gaba. "Malam, ga mai kunyarmu, ku nuna mata yadda ake yi."

Baffa ya dubi ɗankwalin, ya dubi fuskata. Na sunkuyar da kai. Ya tsoma wani zane a ramin, ya ɗago, ya yi mini bayanin baba da toka kamar bai taɓa ganina ba. Da za mu tafi ya ce a hankali, "Gaya wa uwarki gobe ina tafe."

Washegari ban je aiki ba. Da ya yi sallama na shige bayan labule, Inna ta shimfiɗa masa tabarma. Ya daɗe yana kallon tafukansa.

"Rahamatu, fito."

Na fito na durƙusa. "Baffa, ku yi haƙuri."

"Kin ga ramukan nan jiya? Atamfar kamfani ta kashe mana kasuwa. Sati uku ban rina zane goma ba." Ya yi gyaran murya. "Wurin naku, suna ɗaukar sababbi? 'Yata Hadiza ta fi ki saurin hannu."

Ran Talata na ɗaura ɗankwalina tun daga gida, na tsaya a bakin titi ina jiran Hadiza.