Aikin Dakta a Wutsiyar Layi

Matata ce ke kula da babbar kwamfutar jami'armu. A baki ne ake cewa kwamfuta, amma ɗaruruwa ne jere a wani ɗaki mai sanyin firij, an haɗa su da na wasu jami'o'i. Duk mai lissafi mai nauyi sai ya tura aikinsa ya bi layi. Dokar layin ita ta rubuta: wanda ya mori injin da yawa kwanan nan, ya koma baya. Manya sun yi ta kumfar baki, ko gezau ba ta yi ba.

Sai ga dokar ta juyo kan mai ita. Kwamitin ƙarin girma ya kusa zama, matsayin farfesa da ta daɗe tana nema ya rataya a kan maƙala ɗaya, mujallar da za ta buga maƙalar kuma ta ce sai ta sake lissafinta na ambaliyar ruwa kafin ƙarshen mako. Ɗalibanta kuwa sun cinye rabonta na amfani da injin tas. Aikinta na can wutsiyar layi.

Ni tarihi nake koyarwa, amma na san ragamar injin na hannunta. Muna karyawa na ce ta ɗan taɓa ta haye gaba mana, wa zai sani? Ta ce kowa yana ganin layin, ko da ba a gani ma ita ta sani. Haushi ya ishe ni, don a idona ta rame kan maƙalar nan.

Da rana na kai mata abinci ofis. Ina zaune wayarta ta yi ƙara. Tsohon farfesan sinadarai ne, wanda ya taɓa kai ƙararta kan wannan dokar.

"Dakta, me aikinki yake yi a can ƙasa?"

"Doka ce, ranka ya daɗe. Rabona ya ƙare."

Ya tambayi wa'adin mujallar, ta faɗa. Ya ce taurin kanta ba shi da magani, ya kashe wayar.

Jim kaɗan ta kira ni in duba allo. Ayyukan tsohon duk sun koma "an dakatar", shi da kansa ya janye su don nata ya matso gaba. Nasa kaɗai ba za su isa ba, ashe ya tura saƙo zauren masu amfani da injin yana roƙon a ba ta hanya. Muna kallo wasu suka riƙa janye nasu, mutanen jami'o'in da ba ta taɓa takawa ba, waɗanda da ƙorafi kawai ta san su. Wani masanin taurari ya ƙi, ta ce da gaskiyarsa, shi ma wa'adi gare shi.

Kafin a tashi aiki lissafinta ya fara gudu. Ni da na ba da gurguwar shawara kunya ta rufe ni, ga daɗi kuma kamar in taka rawa. Ita kuwa ta ƙura wa allon ido, tana share hawaye.

"Baban yara, ja min ƙofar nan," ta ce. "Kada ɗalibai su gan ni haka."