Tsallen da Babu Ƙwallo

Tafin hannunta na dama ya fi na hagu faɗi, kuma ya yi kanta kamar ƙasan takalmi. Wasan ƙwallon raga ne ya mayar da shi haka. Idan ta daki ƙwallo, masu shara a bayan gini kan tsaya su ce, "Guduma ce," don ƙarar dukanta ba ta kama da ta kowa. Sunan ya bi ta har malamai suka manta na yanka. Tun shigarta jami'a ƙungiyar mata ba ta rasa kofi ba.

Yau ne wasanta na ƙarshe. A layin gaba wata mata mai farin tabarau take zaune, wakiliyar wani babban kulob, ta zo ɗaukar 'yar wasa ɗaya tak. An ce ba ta duban komai sai dukan da mutum ya yi sa'ad da wasa ya yi zafi. In ba ta ɗauki Guduma ba, daga yau sai rataye takalma.

Wasa kuwa ya yi zafi. Saura maki ɗaya su ɗauki kofi, amma dogayen ɗaya ɓangaren su uku sun taru a gabanta a bakin raga, hannuwa sama kamar katanga. Sun riga sun mayar mata da dukanta har ƙirji. Koci ya nemi hutu.

Guduma ta ja Gajera, wadda aikinta ɗaga wa masu duka ƙwallo, zuwa gefe. "Wannan karon ki ɗaga wa Auta."

"Kin sha wani abu ne?" in ji Gajera. "Matar can don ke ta zo, ba don ta kalli ƙafafun Auta suna rawa ba."

Auta, 'yar ajin farko, ta matso kusa da Guduma. "Yaya, ki rufa mini asiri. Hannuna sanyi ƙalau."

Guduma ta ce, "Hura masa iska. Ba kowa a gabanki, ko kakarki ce za ta ci."

Koci ya dubi dogayen nan. Ya ce wa Guduma, "Sai fa in sun yarda ke ce za ki daka."

"Za su yarda," ta ce, tana goge ƙasan takalminta da tafi.

Aka busa usur. Ƙwallo ya tsallako, aka tare, ya nufi Gajera. Guduma ta taho a guje tana ihun "Kawo!", ta tashi sama har ƙugunta ya kusa kai bakin raga. Ba ta taɓa yin tsalle irin wannan ba. Dogayen uku suka tashi tare da ita. Ta daki iska da dukan ƙarfinta.

A can ɗaya gefen, Auta ta ɗan mari ƙwallon, ya faɗi ƙasa tim, ba kowa kusa.

Wuri ya kaure. Aka ɗaga Auta sama tana kuka tana dariya. Guduma ta zauna a benci tana kwance igiyar takalmi, sai ta ga inuwa a gabanta.

"Wa ya ci makin nan?" in ji mai tabarau.

"Auta ce, ranki ya daɗe."

"Haka aka gaya mini. Ni ban gani ba, ke nake kallo." Ta cire tabarau ta goge, ta zauna kusa da ita. "Bar igiyar nan tukuna. Lamba nawa kike sawa, mu tanadar miki riga?"