Bahaguwa a Kan Benci

Kwalejin ƙarama ce, ta horar da malamai, irin wadda in ka tsaya a bakin ƙofa kana hango katangar baya. Filin ƙwallon kwandonsu ɗaya ne, na siminti, tsakanin ɗakin karatu da ɗakin cin abinci, kuma da safe a kansa malamai ke ajiye motocinsu. Sai rana ta yi sanyi, mota ta ƙarshe ta fita, sannan 'yan mata su zo da tsintsiya da buhun ƙwallaye. Duk da haka, a gasar ƙananan kwalejoji ba wanda bai san da su ba, kuma saboda mutum ɗaya aka san su: Bahaguwa.

Ba doguwa ba ce, ba ta da wani jiki na a zo a gani. Amma in ƙwallo ta shiga hannunta na hagu, sai ka rantse da zare take janta. Shekara biyu a jere ita ce kan gaba wajen cin maki. Kocinsu, wata malamar motsa jiki mai shaƙaƙƙiyar murya, dabararta ba ta da tsawo. In wasa ya yi zafi sai ta kira su gefe ta ce, "Ku nemi Bahaguwa." Sauran 'yan wasan har wasa suke yi da abin, suna cewa su 'yan rakiya ne, an ɗauko su ne don a cika mota. Ita ma takan yi dariya. Ba ta taɓa zama ta auna maganar ba.

Abokiyar ɗakinta ita ce Tabarau, doguwa mai sanyin hali da ke karanta lissafi, wadda ke ɗaure gilashinta da roba ta ƙeya kada ya faɗi a fili. Aikinta a wasa shi ne ta cafke ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo, ta miƙa wa Bahaguwa. A ɗaki ma kusan haka ne: Bahaguwa na zuba, ita tana sauraro tana goge gilashi da gefen riga.

A shekararsu ta ƙarshe, ana dab da fara gasa, wata mota ta ɗigar da baƙin mai a filin, masu shara ba su lura ba. Bahaguwa ta yi tsalle ta jefa, ta dira a kai. Ta ji wani abu ya ce ƙas a gwiwarta, sai ganinta ta yi a ƙasa, kawuna sun yi mata rumfa.

Yayarta nas ce a asibitin gari, ita ta tsaya a kanta har aka ɗauki hoto. Ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta taɓu. Likita ya ce a ɗaure, ta manta da ƙwallo na wani lokaci.

"Wane irin lokaci?" in ji Bahaguwa.

"Irin wanda ba ke za ki yanke ba," in ji Yaya, tana miƙa mata sandar dogarawa. "Kama nan, tsohuwa."

Abin da ya fara zuwa wa Bahaguwa a rai tausayin 'yan ƙungiyar ne. Wasan farko ta dogara sandarta ta je ta zauna a ƙarshen benci. Aka yi musu dukan kawo wuƙa. Duk wadda ta riƙe ƙwallo sai ta waiga hagu, inda ta saba ganinta, ta tarar ba kowa. A hanyar dawowa, cikin mota, ɗaya bayan ɗaya suna zuwa suna dafa ta suna cewa Allah ya ba ta lafiya da wuri. Ranta ya ɓaci da shan kashin, gaskiya ne. Amma can ƙasa akwai wani ɗan daɗi da ta ji, wanda ba za ta iya gaya wa kowa ba.

Wasa na biyu da ƙyar aka cinye su. Na uku suka ci.

Ranar ce ta fara kallon ƙwallon kwando da idon mai zama. Da take ciki, abu biyu kawai take gani: kwando, da wadda ta tare mata hanya. Yanzu filin gaba ɗaya ya buɗe a gabanta. Ta ga ƙwallo tana yawo hannu zuwa hannu, masu tsaron can sun rasa wadda za su bi. Ta kuma ga Tabarau. Duk zuwan da za su yi, sai ta sulale ta bayan mai tsaronta ta tsaya a gindin kwando ita kaɗai, ta ɗaga hannu ɗaya ba tare da ta yi kira ba. A ba ta, ta ɗora a hankali kamar mai ajiye kofi a kan tebur. Ba ƙwalisa, ba ihu, maki dai na taruwa.

Bahaguwa ta tafa tare da kowa har tafinta ya yi zafi. Da aka tashi, 'yan kallo suka wuce ta gabanta suka yanyame Tabarau. Wani ma ya yi tuntuɓe da sandarta, ya ce yi haƙuri bai ko dube ta ba.

Ƙarshen mako ta je gida. Yaya ta zaunar da ita a tsakar gida, ta kwance ɗaurin tana murza gwiwar da man zafi. Babansu, wanda ya yi ritaya daga tuƙin motar ma'aikata, yana kan kujerarsa yana fama da murfin rediyo.

"Auta, na ji an ce kun ci," ya ce.

"Sun ci, Baba."

"Sun ci ko kun ci?"

Yaya ta danna wani wuri, Bahaguwa ta zabura.

"Dubi fuskarta don Allah," in ji Yaya. "Kamar wadda aka cinye wa abinci. Baba, wannan ba gwiwa ke damunta ba."

"Yaya, ki bari mana."

"Ni dai ƙafa aka ba ni, ita nake gyarawa. Sauran ciwon ki nemi likitansa."

Baba ya yi dariya, ya ajiye rediyon. Ya ce ranar da ya bar aiki ya ɗauka motar nan ba mai iya tayar da ita sai shi, don ya san duk rigimarta. Bayan 'yan kwanaki ya gan ta ta wuce a titi, wani saurayi na tuƙi da hannu ɗaya yana cin ayaba da ɗayan.

"Me ka yi?" ta tambaya.

"Me zan yi? Na ɗaga masa hannu. Na dawo gida na kasa cin abinci." Ya ɗauki rediyonsa ya ci gaba da abin da yake yi.

Da ta koma makaranta ta sami Tabarau a kan gado, littattafai baje a gabanta. Ta jima tana juya maganar kafin ta fito da ita.

"Wurin nan da kike tsayawa a gindin kwando, Koci ce ta koya miki kwanan nan?"

Tabarau ta ɗago. "A'a. Tun shekarar farko nake tsayawa a wurin."

"Har da hannun?"

"Har da shi."

"To me ya hana ki magana?"

"Ai kina ci." Ta cire gilashin tana gogewa. "Kuma kar ki ɗauka cutata kika yi. Ni ma hakan ya fi mini sauƙi. In mun ci, ke ce. In an cinye mu, ke ce. Ni sai in yi wanka in kama karatuna. Yanzu fa? Kafin kowane wasa sai na yi amai. Ki warke don Allah ki karɓi kayanki."

Bahaguwa ta yi dariya, ba don abin ya ba ta dariya sosai ba. Ta zo ne da shirin ba da haƙuri, ko kuma da shirin faɗa, ita kanta ba ta tantance ba. Ba ta sami wurin ko ɗaya ba.

Suka yi ta ci har suka kai wasan kusa da ƙarshe, inda kwalejin ba ta taɓa kaiwa ba ko a lokacin da Bahaguwa ke tashe. A makon ne likita ya saki Bahaguwa, da sharaɗin ta sa maɗaurin gwiwa. Koci ta ja ta gefe bayan atisaye.

"Ba da ke zan fara ba."

"Na sani, Malama."

"Ba ki sani ba, kin dai faɗa ne. Amma na gode."

A zauren wata babbar makaranta aka buga, mai daɓen katako da fitilu, takalma na ta ƙugi a kai. Bayan hutun rabin lokaci aka sa ta. 'Yan kwalejinsu da suka cika kusurwa ɗaya suka ɗauki sunanta da waƙa. Jifan farko ya shiga, na biyu ma. Gwiwar na yi mata gargaɗi duk sanda ta juya, amma hannun bai manta komai ba.

Lokaci ya zo ƙarshe abokan karawa sun fi su da maki ɗaya, ƙwallo a hannunta. Mutum biyu suka rufe ta, kamar yadda aka saba. Ta san wannan wurin, ta sha jefawa ta saman hannuwa huɗu ta ci. Har ta lanƙwasa gwiwa. Sai ta hango ta tsakanin kafaɗunsu, Tabarau ita kaɗai a gindin kwando. Ta tura mata ƙwallon ta ƙasa.

Tabarau ta cafe, ta miƙe, ta ɗora. Ƙwallon ta zagaya bakin ƙarfen, ta yi kamar za ta faɗa, ta gangaro waje. Alƙali ya busa usur.

Kafin su kai mota mutum nawa ne suka tare ta. "Haba Bahaguwa! Da kin jefa da kanki!" Har direban motar kwaleji sai da ya faɗa. Koci ce kaɗai ta ce, "Daidai kika yi," ta faɗa a gajarce ta wuce gaba, ita ma idonta ya yi ja. Tabarau ta zauna a kujerar baya ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa. Bahaguwa ta je ta zauna kusa da ita, ta miƙe ƙafar mai ciwo a tsakanin kujeru. Ba ta ce mata ba komai ba, don da komai. Ta dai riƙe mata gilashin har suka iso.

Da aka rufe gasa aka zaɓi fitattun 'yan wasan shekara. Sunan Tabarau na ciki, na Bahaguwa babu. Wasa ɗaya ta buga, ba ta da bakin ƙorafi. Wata ƙungiya ta babban birni ta aiko a ba su Tabarau don gwaji bayan jarrabawa. Ita kuwa Bahaguwa aka tura ta koyarwa a wata makarantar firamare kusa da gida.

Ranar tafiyar Tabarau, Bahaguwa ce ta raka ta tasha, ta ɗaukar mata ƙaramar jaka. Mota na jiran cika, suka tsaya a inuwar wani shago.

"In tambaye ki?" in ji Tabarau. "Da za a maimaita ranar nan, za ki sake ba ni?"

Bahaguwa ta so ta ce ƙwarai kuwa, don shi ne abin da ake faɗa wa mai tafiya. Amma ta sha buga wasan nan a kanta, tana wanki, tana tsaye gaban allo. Wata rana ta jefa ta ci. Wata rana ta jefa a doke ƙwallon tun daga hannunta.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "Ke ce a buɗe, wannan na tabbata. Sauran ban sani ba."

Tabarau ta gyaɗa kai, kamar amsar ta fi mata wadda ta zata. Mai lodi ya buga jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya, ta karɓi jakarta ta shiga, tana sunkuyar da kai kada ta bugi ƙofa. Bahaguwa ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta kama hanyar gida a ƙafa, a hankali, don Yaya ta ce tafiya na yi wa gwiwar amfani.